Fankar Hedimasta

Sista tana tsakiyar auna wa wani mutum jini wayarta ta soma rawa a aljihun farar rigarta. Ba ta ɗauka ba. Wayar ta yanke, ta sake somawa. Mutumin, wanda damtsensa ke ɗaure cikin abin awo, ya ce, "Ki ɗauka mana, Sista. Jinin nan ba inda za shi, kullum a sama yake."

Ita ba nas ba ce. Magani take sayarwa a wani kanti da ke bakin babban titi, amma duk macen da ta sa farar riga ta tsaya kusa da ƙwayoyi sunanta Sista, kuma ta daɗe da gajiya da gyara wa mutane. A gida Yaya ce. Mahaifinta kuwa Uwata yake ce mata, musamman idan yana son a ƙara masa gishirin da likita ya hana.

Mama ce a wayar. Ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Babanku ya tafi tantancewar fansho."

"Na sani, Mama. Ai ni na tuna masa."

"Ya tafi da abin nan."

"Wane abu?"

"Abin da Auta ya kawo. Ga kwalin nan a kan gado, wayam. Har kujera ya taka ya sauko da shi daga saman kabad, da wannan gwiwar tasa."



Auta ƙaninta ne, gemunsa har ya fara furfura amma sunan bai sake shi ba. Sana'arsa shigo da kayan da ba wanda ya taɓa jin yana bukata sai da ya gani: kofi mai canza launi, silifa mai fitila, cokali mai waƙa. Kwanakin baya ya kawo wa Baba wata 'yar fankar hannu mai caji. Fanka ce, ba wani abu ba. Sai dai wanda ya ƙera ta, Allah kaɗai ya san abin da ke damunsa, ya zuba ta cikin siffar ƙaramar bindiga, baƙa wuluk, da mariƙi mai kaushi da kunama da komai. Ka ja kunamar, iska mai sanyi ta fito ta baki. Daga nesa kaɗan ba ka bambanta ta da wadda ake tare hanya da ita. In ma da bambanci, wannan ta fi sheƙi.

Baba tsohon hedimasta ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙwace wa yara danƙo da bindigar roba yana kullewa a durowa, don haka kowa ya zaci zai wurgar da ita. Ina! Ya so ta kamar jika. Yana zaune a falo, sai ka ga ya ɗora bakinta a gefen kansa, ya lumshe ido, ya ja kunama, abin da ya sa Mama ta daina shiga falo da rana. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Baba ba ya iya ganin mutum yana gumi ya ƙyale shi. Sai ya matso, ya saita masa ita a tsakiyar goshi, yana murmushi. Mai gyaran famfo da aka yi wa wannan alherin bai ko tsaya ɗaukar sufanarsa ba.

Ga kuma kunne. Na hagu ya daɗe da yin ritaya, na dama yana aikin wucin gadi. An saya masa na'urar ji, tana cikin durowa, domin a cewarsa abin da mutane ke faɗa yanzu bai kai kuɗin batir ba.

Sista ta kwance wa mutumin hannu ba tare da ta duba abin da na'urar ta nuna ba.

"Nawa ne yau?"

"Yana nan a sama. Ka rage gishiri."

Ta leƙa ta ce wa mai kanti mahaifinta ba lafiya, wanda ba ƙarya ba ne in aka ɗan jira, ta fita da farar rigar a jikinta.

A bakin titi ta kira wayar Baba. Ta shiga, ta yi ta ƙara, aka ɗauka.

"Ni ce dai," in ji Mama. "Ga ta nan a ƙarƙashin matashi."

Ta tare tasi. Ofishin fansho yana can ɗaya ɓangaren gari, bayan gada. Sista ta san wurin, ta raka shi bara. Babban fili ne da rumfar kwano da dogayen bencina, inda ake tara tsofaffi sau ɗaya a shekara su dangwala yatsa don hukuma ta gamsu ba su mutu ba tukuna. Da can mai gadi ɗaya ne a ƙofar, yana gyangyaɗi. Amma tun da aka tare wata motar kuɗi a layin aka kashe direban, sai aka zuba masu tsaro da manyan bindigogi, yara sababbin ɗauka, waɗanda aka koya wa harbi sosai aka bar sauran darasin sai an samu lokaci.

Ta kira Auta.

"Yaya ta gari! In kawo miki silifa mai fitila? Saura ƙafa uku."

"Baba ya tafi ofishin fansho da bindigarka."

"Fanka, Yaya. Fanka."

"Ka je ka gaya wa masu gadin."

"Haba, ai kowa ya gani ya san wasa ne. Har mai launin ruwan hoda akwai."

"To me ya hana ka kawo masa ruwan hodar?"

"Baba da ruwan hoda? Ke ma kin san ba zai taɓa ba. Kuma baƙar ta fi tafiya a kasuwa. Kin san yawan waɗanda na sayar wa? Ba wanda ya dawo ya ce an harbe shi."

"Wanda aka harba dama dawowa yake yi?"

Ta ji ana buɗe kwali a kusa da shi.

"Kana ina?"

"Wurin karɓar kaya. Nesa ne, Yaya. Amma bari in kira wani abokina, yana da ɗan'uwa a cikin masu tsaron, sai a gaya musu..."

"Kada ka kira kowa! Ka ji ni? Maganar da aka sa bindiga a cikinta, kafin ta wuce baki uku ta zama wani abu. Ka zauna a kan kwalayenka."

Ta kashe wayar. Direban tasin, wanda ya rage rediyo don kada wani abu ya wuce shi, ya dube ta ta madubi.

"Hajiya, ba wai na saurara ba. Amma akwai wani maƙwabcinmu, shi laita ce da shi irin wannan. Ya fito da ita a gidan mai zai kunna taba..."

"Malam, tuƙa."

"Ai ƙarshen labarin ba daɗi ma."

"Shi ya sa na ce ka tuƙa."

Tuƙin dai bai samu ba. Kafin gada motoci sun cushe, wata tirela ta kwanta a shataletale ta zubar da buhunan siminti, jama'a sun kewaye ta suna ba juna shawara. Sista ta sauke gilashi, ta ɗaga, ta sake saukewa. Ta cire agogonta ta mayar. Ba lokaci take dubawa ba, rana take dubawa. Ta san mahaifinta. Yana jure zafi har sai gumi ya kai wuyan riga, daga nan kuma ba ya jurewa, don a wurinsa mutumin da wuyan rigarsa ya jiƙe ya riga ya faɗi jarrabawa. Da safe akwai 'yar iska. Yanzu ta ɗauke. Mai tallan ruwa da ya leƙo tagar goshinsa na ɗiga. Ɗan sandan da ke ɗaga wa motoci hannu bayan rigarsa ya yi taswira. Duk wanda ta kalla gumi yake, kamar an haɗa baki.

Ta miƙa wa direban kuɗinsa ta fita a tsakiyar titi.

"Hajiya, ai yanzu za a buɗe!"

Ta tsallake tsakanin motoci, ta ɗaga wa mai babur hannu. Rabonta da hawa babur tun kafin ta haifi ɗanta na fari, kuma takan yi wa masu zuwa sayen bandeji wa'azi a kansa. Ta hau, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu.

"Ofishin fansho. Ka yi sauri, amma kada ka kashe ni."

"Anti, ɗaya za ki zaɓa."

Suka bi ta bayan kasuwa, ta lungun masu walda, ta kan wata kwata da aka ɗora wa katako. A hanya tana ta shirya abin da za ta faɗa a ƙofa. Mahaifina ya manta maganinsa. Mahaifina ba ya ji. Mahaifina yana ɗauke da wata fanka. Kowace jimla ta juya ta, ta cire mata kalmar nan ɗaya, ta ga ta tsaya da ƙafarta. Ta yi wa kanta alkawari ko za a yanka ta ba za ta furta kalmar ba. Za ta shiga, ta same shi a benci, ta zauna kusa da shi, ta zura hannu a aljihunsa kamar mai neman alawa. Ya yi faɗa in ya ga dama. Faɗan Baba ba ya kisa.

Ƙofar ofishin ta ƙarfe ce, an buɗe 'yar ƙaramar kawai. Mai gadin ƙofa wani dattijo ne mai tumbi, da sandar nan da ake shafa wa mutane a jiki rataye a wuyan hannunsa, da wayar oba-oba a ƙugu. Shi ba ya riƙe bindiga. Masu bindigar suna can ciki, a inuwar bango.

"Sannu da aiki, Baba. Mahaifina yana ciki, zan kai masa magani."

"Kati."

"Ba ni da kati, ni ba 'yar fansho ba ce."

"Na gani ai. Masu kati kawai."

"Maganin hawan jini ne. In bai sha ba zai iya faɗuwa."

"'Yata, duk wanda ke cikin filin nan hawan jini gare shi. Har ni. Kawo maganin da sunansa, in an tashi kiran suna a ba shi."

"Ba ya ji. Ko an kira ba zai ji ba."

"To zai gani in an zo kansa."

"Bara na shiga da shi."

"Bara bara ce. Yanzu ɗan rakiya sai ga wanda ke kan keken guragu. Yana kan keke?"

Da ta ce e, da an wuce wurin. Amma 'yar hedimasta ce, an yi mata tarbiyyar da ke sa mutum ya yi jinkiri kafin ƙarya, kuma jinkirin ya isa amsa. Mai gadin ya mayar da idonsa kan titi.

Ta leƙa ta tsakanin ƙarafan. Rumfar cike take maƙil, huluna da furfura da sanduna, ba ta iya ware kowa. A saman rumfar wasu manyan fankoki suna juyawa a kasalance. Ta ɗan ji sanyi a ranta. Muddin suna juyawa, wataƙila abin ya zauna a aljihu.

Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Fankokin suka yi ta rage gudu har ta iya ganin ƙurar da ke kan fukafukansu. Wani dogon tsaki ya tashi daga rumfar baki ɗaya.

"Baba, don Allah ka saurare ni." Ta matso kusa da mai gadin, ta rage murya. "Lokacin da ya shigo, kun duba aljihunsa?"

"Tsofaffi ba ma shafa su. Me za su ɗauko, carbi? Sandar ma batirinta ya mutu tun watan jiya."

"Akwai wani abu a aljihunsa. Fanka ce ta hannu. Fanka ce, wallahi, ƙanina ne ya saya masa. Amma an yi ta kamar... tana kama da bindiga. Ina so in karɓe ta kafin wani ya gani ya yi zaton..."

Ba ta ƙarasa ba. Fuskar dattijon ta sauya, tumbin ma kamar ya shige ciki. Hannunsa ya riga ya kai ƙugu.

"A'a, Baba, ba ka gane ba. Ba ta gaske ba ce!"

"Ke kika ce ba ta gaske ba ce. Ni ban gani ba. An ce mana duk wanda ya ji kalmar nan ya sanar, ba aikinsa ba ne ya tantance." Ya danna oba-oba. "Ƙofa ce. An kawo rahoton wani tsoho a rumfa da bindiga a aljihu."

"Ka ce fanka! Ka ce musu fanka!"

"Wai fanka," ya ƙara, bayan ya riga ya saki madannin.

A inuwar bango mutum uku suka miƙe. Sista ba ta sake neman izini ba. Ta bi ta ƙarƙashin hannun mai gadin ta kutsa, takalminta ɗaya ya maƙale a bakin ƙofa, ta bar masa.

Tana gudu ta hango shi. Ba wuya, don shi kaɗai ne a tsaye a tsakiyar bencina, cikin rigarsa mai ruwan toka da aka goge har tana yanka. Abin yana hannunsa. Kuma ba wanda ke gudu. Tsofaffin dariya suke yi. Wata tsohuwa mai tabarau ta ɗaga fuska, ta rufe ido, ta miƙa goshinta ga bakin bindigar, gefen ɗankwalinta yana kaɗawa. Na kusa da ita yana zungurinta wai ta daɗe. Baba yana bin benci ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Na gaba!" kamar ranar rigakafi. Da alama tun safe ake wannan hidima, kuma duk filin ba wanda ta dama sai 'yarsa, wadda ta ratsa gari don ta sanar da hukuma.

Masu tsaron sun riga ta isa. Na gabansu yaro ne dogo siriri, rigar sulken ta yi masa yawa, hular kwanon ta sauko har gira. Abin da ya gani shi ne abin da aka ce zai gani: mutum a tsaye, da bindiga a goshin wata tsohuwa.

"Ajiye! Ajiye makamin! Kwanta ƙasa!"

Rumfar ta watse iya gwargwadon abin da gwiwoyi suka yarda. Sanduna suka zube, benci ya kife, wani ya rarrafa ƙarƙashin tebur ya bar hularsa. Waɗanda suka san gaskiyar abin suka shiga faɗinta gaba ɗaya, kowa da muryarsa, har ba a jin ko kalma ɗaya. Baba kuwa dama ya juya wa masu tsaron baya. Bai ji komai ba. Abin da ya gani kawai, tsohuwar da yake yi wa fifita ta buɗe ido ta zame ƙasa, ba ko godiya.

"Na ce ajiye! Zan harba!"

Baba ya waiwaya a hankali, don ya ga abin da mutane ke kallo a bayansa. Ya ga yaro cikin kaya masu nauyi a wannan rana, bakinsa a buɗe, gumi na zuba daga ƙarƙashin hula yana ɗiga ta haɓa. Sista ta ga fuskar mahaifinta ta yi laushi. Ta san wannan murmushin. Hannunsa ya fara ɗagowa.

Ba ta san yadda ta tsallake bencin ƙarshe ba. Ta faɗa masa a ƙirji, ta rungume shi, ta danne wuyan hannun ƙasa da dukkan ƙarfinta, bayanta yana fuskantar bakin bindigogi uku na gaske. Maganar fanka ta riga ta faɗe ta a ƙofa, ta ga abin da ta jawo mata. Yaron da yatsansa ke kan kunama ba shi da lokacin nazarin kayan lantarki. Abu ɗaya ne zai shiga kansa da sauri.

"Kada ku harba! Gigin tsufa ne! Ba ya cikin hankalinsa! Ya ruɗe, ko sunansa bai sani ba! Mara lafiya ne, ku dube shi!"

Ta faɗa da muryar da ba ta san tana da ita ba, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Bakinta kuwa yana daidai kunnensa na dama.

Ta ji jikinsa ya sandare a hannunta. Yatsansa bai saki kunamar ba, iska mai sanyi tana ta busa mata a ƙafar da ba takalmi. Wani ya zo ta gefe ya murɗe abin daga hannunsa. Ba a yi harbi ba. Ta jira ƙarar duk da haka, har sai da aka taɓa kafaɗarta aka ce ta sake shi.

Aka kai su wani ɗan ofishi a bayan ginin, mai tebur ɗaya da kujeru biyu da warin tsohuwar takarda. Shugaban masu tsaron mutum ne mai ƙiba, ya kusa ritaya shi ma, da alamar wanda babban burinsa a duniya kada sunansa ya fito a jarida. Ya juya fankar a hannunsa, ya ja kunamar, iska ta bugi wuyansa. Ya ɗan bar ta a wurin fiye da yadda bincike ke bukata, sannan ya tuna, ya ajiye ta a durowa.

"Madam, kin san saura ƙiris yau a kwashi gawa biyu a filin nan?"

"Na sani, yallaɓai."

"Yaron nan da kika gani, watansa nawa da fara aiki? Da ya ja, ba wanda zai ce ya yi laifi. Ni kaina da zan sa hannu in ce ya yi daidai." Ya share wuya da hankici. "To, hanya biyu ce. In mai hankali ne ya shigo ma'aikatar hukuma da abu mai siffar makami, ya saita wa mutane, ya ɗaga wa jami'i, wannan ba nawa ba ne. Caji ofis za a kai shi, ya kwana, gobe kotu. In kuwa kamar yadda kika faɗa ne, sai in rubuta mara lafiya, in damƙa shi ga iyalinsa, kowa ya je ya ci abinci. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Ya zagayo teburin, ya sunkuya daidai kunnen Baba, ya ɗaga murya yadda ake yi wa ƙananan yara da baƙi.

"Baba! Kana ji na?"

"Ina jin ka." Muryar Baba a daidai take.

"In kana da hankali, caji ofis! In ba ka da lafiya, gida! Ka gane? To, yau wace rana ce?"

Baba yana zaune a miƙe, hannayensa a kan gwiwa. Mutumin da duk tsawon aikinsa bai taɓa fara darasi ba sai ya rubuta kwanan wata a kusurwar allo ya ja layi a ƙarƙashi. A bangon da ke bayan teburin akwai kalanda, an manta ba a juya ta ba, tana nuna watan da ya wuce. Sista ta ga idonsa ya sauka a kanta, ta ga leɓensa ya motsa. Ta dunƙule hannu a aljihun farar riga. Ba ta da abin da za ta iya ce masa a gaban mutumin, don haka ta kalli ƙasa. Shi ma ya kalli inda take kallo, ƙafarta, wadda ta yi baƙi da ƙura, babban yatsan yana jini.

"Ban sani ba," in ji Baba.

"Wata fa? Wane wata muke ciki?"

"Ban sani ba."

"Wannan wace ce?" Ya nuna Sista.

Baba ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana dubawa, irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya kawo amsa daidai ta hanyar da ba a koya masa ba.

"Wata mai farar riga ce," ya ce. "Tana da murya."

Shugaban ya miƙe, ya gyaɗa kai cikin tausayi da jin daɗi. "Allah sarki. Haka kakata ta yi. Madam, ku daina barinsa yana fita shi kaɗai. Kuma tantancewar yau ba za ta yiwu ba, tunda abin ya zama haka. Sai kun kawo takardar likita, da wanda zai riƙa sa hannu a madadinsa. Wannan kuma," ya buga durowar, "ta zama ta hukuma."

Suka fito ta rumfar, don ba wata hanyar. An tayar da bencin, an koma layi, kowa yana neman hularsa da lambarsa. Da suka gan su sai surutun ya ragu. Waɗannan mutanen sun san Baba, wasu tare suka yi aiki, wasu shi ya koyar da 'ya'yansu. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Matsawa suka yi suka ba shi hanya mai faɗi. Tsohuwar mai tabarau ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta zaci ƙasa-ƙasa ce, "Ashe shi ya sa. Hedimasta guda! Ni ma na ce wannan wasan ba na mai lafiya ba ne."

A bayan janareta yaron nan dogo yana tsugune, ya cire hular kwano, wani abokin aikinsa yana zuba masa ruwa a ka. 

Mai gadin ƙofa ya miƙa wa Sista takalminta ba tare da ya dube ta ba. Ta sa. Wayarta tana ta rawa a aljihu, Mama ko Auta, ba ta duba ba. Baba yana gaba, yana tafiyarsa ta kullum, kai a sama, ba ya jan ƙafa. Ta bi shi a baya tana ɗingishi, tana jiran faɗan. Ta shirya masa. Ta fi son ya tsaya a nan bakin titi ya wanke ta tas, ya kira ta mara kunya, ya tara mata jama'a.

A bakin kwalta ya tsaya. Motoci suna wucewa a guje. Wannan titin shekara da shekaru yana tsallaka shi shi kaɗai, yana ɗaga wa direbobi hannu ɗaya kamar 'yan aji. Yau bai ɗaga ba. Ya miƙo mata hannun, tafin a sama, bai waiwayo ba.

"Riƙe ni mana," ya ce. "Kada in ɓata."

Ta zagaya ta dama, ta kai bakinta kunnensa. "Baba, da sun harbe ka! Wallahi da sun harbe ka!"

Ya ci gaba da kallon titi, hannun yana nan a miƙe. Ko ya ji ko bai ji ba, ba ta da hanyar sani, kuma ta gane daga yau ba za ta riƙa sani ba.

Ta kama hannun. Suka tsaya suna jiran motocin su ragu.